Rundunar da Ba Ta Zub da Jini

Ran nan da hutun ƙarfe goma na fito daga aji, sai na hangi yara huɗu a gindin darbejiya, bayan makarantarmu a nan Mashi. Sun sunkuyar da kai kamar masu tsintar tsakuwa cikin shinkafa. Na matsa a hankali in ga abin da ya ɗauke musu hankali haka. Ashe laka suka ɗebo daga bakin kududdufi, suka gina 'yan mutane kamar tsawon yatsa. Ga gari an kewaye shi da tsinken kara, ga rumbuna, ga shanu har da tozo. Can gefe kuwa ga babura shida, kowanne da mutum uku a kai, kowane mutum da ɗan tsinke rataye a kafaɗa. Ba sai an gaya mini ko su wane ne ba.

Na ce, "Kai, wa ya gina waɗannan?" Sauran suka nuna wani yaro ɗan shekara 11. Iyayensa baƙi ne a garin nan, sun taso daga wani ƙauye can yamma sabili da masu satar shanu da mutane. Tun da ya zo ajina ban taɓa jin ya haɗa magana biyar ba.

Bayan kwana uku sai ga ubansa a ƙofar makaranta, ransa a ɓace. Muka gaisa. Ya ce, "Malam, karatu na aiko yaron nan, ba wasan ƙasa ba. Na biyu, waɗannan abubuwa ba gumaka ba ne? Na uku, abin da muka gudo dominsa, shi ne zai riƙa gina mini a tsakar gida? Jiya na tattake su duka."

Na ba shi kujera, muka daɗe muna magana. Na san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba, shi ya sa na ga ya kamata in kawo zancen gaban masu karatu.

Abin da muka taras

Duk wanda ya haura shekara 40 a ƙasar nan ya san wannan wasa. Da kaka, in an yanke dawa, mukan fere ɓawon kara mu soka cikin totuwa, mu yi mota, da jirgin sama, har da tabarau. 'Yan mata suna can da 'yar tsanarsu. Da damina kuwa sai laka. In Sallah ta wuce, wanda ya yi sa'a aka tafi da shi Daura ko Katsina kallon hawa, shi ne malaminmu. Zai zauna ya gina mana abin da ya gani: mahaya da lifidi da kwalkwali, 'yan sulke, 'yan baka, dogarai, da mai busa kakaki. Ƙaya ita ce mashi, ɓallin ƙwarya shi ne garkuwa. Mu jera su sahu biyu, mu yi ta harbi da ƙwallon magarya har a kira mu cin tuwo.

Ba mu muka fara ba. A garin Nok, a kudancin Jihar Kaduna, masu haƙar kuza sun fara tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a 1928. Masana sun ce sun fi shekara 2,000. Wanda ya je gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, zai ga irinsu da idonsa, har kitson kansu bai ɓace ba. A ƙasar Masar kuma, cikin kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut, an sami 'yan sojojin katako da aka yi wa launi, masu mashi 40, da maharba baƙar fata 'yan ƙasar Nuba 40, suna tafiya sahu sahu. Sun kai shekara 4,000, suna nan a Alkahira. Ashe dai tun fil azal hannun ɗan Adam yake son ƙanƙanta babban abu, ya ajiye a gabansa, ya dube shi da kyau.

Yadda Turawa suka ba wasan doka

Abin da Turawa suka ƙara shi ne doka da awo. A 1812 wani mutumin Furushiya, ƙasar da wani sashenta yanzu yake cikin Jamus, mai suna Reisswitz, ya kai wa sarkinsu wani tebur mai siffar filin daga, da tuddai da koguna. Ɗansa, wanda yake hafsan soja, ya gyara dokokin ya buga su a 1824. Ana tura 'yan gutsattsari ja da shuɗi a kan taswira, ana awon tafiyarsu, ga alƙali mai raba gardama. Manyan sojansu suka ga wannan ya wuce wasa, suka sa hafsoshi su riƙa koyon dabara da shi. Da Furushiya ta ci Faransa da yaƙi a 1871, sai sauran ƙasashe suka kwaikwaya.

A 1893 wani kamfani a Landan mai suna Britains ya gano yadda za a zuba 'yan sojojin dalma masu rami a ciki. Dalma kaɗan ta isa, kuɗinsu ya sauko, suka shiga gidajen talakawa. Sa'an nan a 1913 shahararren marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya buga wani ɗan littafi mai suna Little Wars, wato ƙananan yaƙe-yaƙe. A ciki ya tsara yadda manya za su durƙusa a ɗaki su yi wasa da waɗannan sojoji, da 'yar igwa mai harba ɗan itace. Shi ne kuma a 1898 ya rubuta ƙagaggen labarin halittun duniyar Mars da suka kawo wa Ingila hari. To, kun ga inda igiyoyin biyu suka haɗu, wato wasan sojoji da labarin sararin sama.

A 1975 waɗansu samari uku a Landan suka kafa kamfanin Games Workshop. Da fari allunan katako suke sassaƙawa na wasanni masu kama da dararmu. A 1983 suka fito da wasan Warhammer, a 1987 kuma suka fito da Warhammer 40,000, wanda ya fi kowanne suna cikin irinsa. Labarinsa ƙage ne. An ɗauka wai an yi shekara 40,000, 'yan Adam sun bazu cikin taurari, suna fama da koren dodanni da waɗansu halittu masu kama da fara. Hedkwatar kamfanin tana birnin Notingam, kantunansa sun fi 500 a duniya, a ƙarshen 2024 kuwa ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Jama'a, duk a kan 'yan sojojin da ba su kai tsawon yatsa ba!

Mutum biyu ne ke zama a tebur mai tsawon ƙafa 5 ko 6, an jera masa kangaye da duwatsu na kwali. Kowa ya kawo rundunarsa. Ana auna tafiyar kowane soja da inci, ana jefa ƙwaya mai fuska 6 irin ta ludo don a san ko harbi ya samu. Wasa ɗaya yakan ci awa 2 ko 3. Amma wasan shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin yana can kafin a zo tebur.

Aikin haƙuri

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Ingila ya kawo mini tsarabar guda biyar da ya zo hutu. Ya ce, "Malam, na tuna da dawakin lakarmu." A gunsa na ga yadda ake yi.

Ba a sayar da sojan a gine. Gutsattsarin roba ne masu ruwan toka, kai daban, hannu daban, maƙale a jikin wani firam. Mai shi zai yanke su ɗaya ɗaya, ya kankare tabon da wuƙa, ya manne su da gam. Tsawon sojan bai fi santimita 3 ko 4 ba. Daga nan sai ya shafe shi duka da launi ɗaya, baƙi ko fari, don sauran fenti ya sami wurin kamawa. Sa'an nan ya bi kowane sashe da nasa launi, sulke daban, fata daban, bindiga daban. Ba a lafta fenti da kauri, gama zai cike 'yan zane-zanen jikin. Sai a tsinka shi da ruwa, a shafa sau biyu ko uku, ana jira kowanne ya bushe.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta inuwa da haske. Akan kwarara wani launi mai duhu, tsararo kamar ruwan shayi, ya gangara ya kwanta cikin lunguna, sai ka ga ninkin riga ya fito. Bayan haka a tsoma burushi cikin launi mai haske, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa sama sama. Wuraren da suka taso kaɗai zai taɓa, kamar rana ce ta haske su. Daga ƙarshe a barbaɗa yashi a gindin sojan, a shafe shi da man ƙyalli don kada launin ya goge. Soja ɗaya yakan ci yamma guda, runduna kuwa takan kai soja 50 ko fiye. Tun 1987 kamfanin yake shirya gasar gwanayen wannan fenti, mai suna Golden Demon. Masu yin abin nan ba yara kaɗai ba ne, akwai likitoci da injiniyoyi da masu furfura.

Wannan ita ce amsata ga damuwar farko. Yaron da ya zauna awa biyu yana daidaita ƙafar doki don kada ya faɗi, ba zaman banza yake yi ba. Yana koyon awo, da lura, da haƙuri, da gama abin da ya fara. Da wannan hannu ne gobe zai riƙe alƙalami, ko allurar ɗinki, ko almakashin asibiti. Na shekara 20 ina koyarwa, na kuwa lura yaran da suka saba aikin hannu ba su cika shan wuyar awo da zanen taswira ba. Yanzu fa? Yaro na danna waya tun safe, yatsa ɗaya ke aiki, tara na barci.

Kada wani ya ce Malam ya ce a sayi kayan Turawa. Ban ce ba. Suna da tsada ƙwarai, ƙaramin akwati ɗaya sai ya ci kuɗin cefanen kwanaki. Labarin da ke bayansu kuma mai duhu ne, cike da aljanu da yaƙin da ba shi ƙarewa, bai dace da ƙananan yara ba. Kamfanin da kansa ya fito a 2021 ya ce daular da ke cikin labarin gargaɗi ce, ba abin koyi ba. Abin da za mu ɗauka a gunsu shi ne girmama aikin hannu, da sa wa wasa doka. Laka kuwa tamu ce, kyauta.

Gumaka ne?

Tambaya ta biyu ba ta raini ba ce. Da yawa cikinmu kakanninmu sun fito daga bautar iskoki, ba mu son ko ƙanshin abin. Amma a duba da kyau. Abin da Dokoki Goma suka hana shi ne a yi siffa don a rusuna mata, a yi mata sujada. Yaron nan bai yanka wa dokinsa kaza ba, bai roƙe shi ruwan sama ba. In ƙafar ta karye sai ya jiƙa ya sake wata. Mai son ƙarin haske ya buɗe littafin Ezekiyel sura 4. A can an umarci annabin ya ɗauki tubali ya zana Urushalima a kai, ya gina mata 'yan sansanonin yaƙi kewaye, don mutanen da suka ƙi jin magana su gani da ido. Ashe ƙaramin siffa yakan faɗi abin da baki ya kasa.

Ga iyaka dai. In kuka ga yaro ya fara ɓoye wani a ƙarƙashin matashi wai yana tsaronsa, ko yana jin tsoronsa, to, a zauna da shi a yi magana.

Zancen yaƙi

Ta uku ita ce mai nauyi. Yaranmu na Jihar Katsina sun ga abin da mu ba mu gani ba muna ƙanana. Sun ji labarin ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Waɗansu sun kwana a gona, an toshe musu baki don kada su yi kuka. Mu manya mukan ce, "A bar zancen, yaro ne, zai manta." Ba ya mantawa. Ba shi da kalmomin faɗi ne kawai. Shi ya sa masu kula da yara a sansanonin gudun hijira sukan ba su takarda da fensir da laka, su zauna kusa su saurara.

Na ce wa uban, "Baba, da ka tattake baburan nan, ka fitar da su daga tsakar gida, amma suna nan cikin kansa. Gara suna ƙasa inda kai da shi za ku gan su." Ya yi shiru. Can ya ce, "To, Malam, in ya girma da sha'awar bindiga fa?"

Tsoron nan yana da dalili, ba ni kuwa da tabbacin da zan ba kowane uba. Sai dai na gaya masa labarin Wells. Mutumin nan mai ƙin yaƙi ne. A ƙarshen littafinsa ya nuna cewa wanda ya buga ƙaramin yaƙi sau da yawa zai gane wautar babban, gama a ɗaki ba gwauruwa, ba maraya, in an tashi sai a mai da matattu cikin akwati. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, a 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya ci miliyoyin rayuka. Wasa bai hana yaƙi ba, gaskiya ne. Amma ba wasan ne ya kawo shi ba. Abin da ke gyara yaro ko ya ɓata shi, shi ne wanda ke zaune kusa da shi sa'ad da yake wasan, da abin da ake yabo a gabansa. In ɗan fashi ne gwarzo cikin wasan, akwai gyara. In mai tsaron gari ne, da mai ɗauke raunanna, da mai sulhu, to, wasan ya zama makaranta.

Ku gwada a gida

Ga yadda muke yi a makarantarmu ran Jumma'a da yamma. A samo yumɓu mai danƙo irin na masu ginin tukwane, ko ƙasar tsohon suri. A tsince tsakuwa, a haɗa da ɗan yashi mai laushi don kada ya tsage. A yi ƙashin sojan da tsinken tsintsiya, a ɗora laka a kai, a yi masa faffaɗan gindi kamar marfin kwalba don ya tsaya. A shanya a inuwa kwana 3, gama rana takan fasa shi. In akwai mai ginin tukwane a unguwa, a cire tsammanin kyauta, a ba ta ɗan abin goro ta gasa su tare da kayanta.

Launi kuwa yana kewaye da mu. Farar ƙasa ta ba da fari, jar ƙasa ko karan dafi su ba da ja, gawayi ya ba da baƙi, bular wanki ta ba da shuɗi, gangamau ya ba da rawaya. A niƙa kowanne da laushi, a dama da ruwan ƙaro don ya kama. Burushi kuwa, gashin kaza ko asuwakin da aka tauna bakinsa ya isa. A fara shafe sojan duka da farar ƙasa, sa'an nan launuka, sa'an nan tsararon ruwan gawayi don inuwa, daidai yadda Turawan nan suke yi. Mai son rundunar sararin sama ya tara marafan kwalba, da bututun tsohon biro, da maɓallai. Yaranmu sun yi jirgin zuwa wata da gwangwanin madara.

Gargaɗi ɗaya, da babbar murya: kada yaro ya fasa batir, kada ya narka dalma, kada ya lashi burushin fentin gida ko na mota. Dalma guba ce. Saboda haɗarinta aka bar yin sojojin wasa na dalma a Ingila a 1966. Mu kuwa ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. A wanke hannu kafin a ci abinci.

Ga dokokinmu. Kowane ɓangare soja 10. A yanki kara mai inci 6, mai ƙafa ya yi tafiyar kara ɗaya, mahayi kara biyu. In soja ya iske abokin gaba, kowa ya jefa ƙwayar ludo, mai ƙaramin lamba ya kwanta. Wanda ya kwanta ba a taka shi, sai a kai shi asibiti a gefen fili, in mai ɗaukar raunanna ya iso gare shi ya tashi. Ba a sa ko kwabo, ba caca muke yi ba. Ci kuwa ba na wanda ya fi kisa ba ne, na wanda ya kai mata da yara da shanu cikin ganuwa lafiya ne. In an gama a yi musafaha, a kwashe kaya tare.

Wannan doka ta cin wasa ba ni na ƙago ta ba. Yaron nan ne ya kawo ta. A mako na uku ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Malam, ai ba kashe su muke so ba. So muke kowa ya kai gida." Daga nan bakinsa ya buɗe. Yana jera shanun, yana ba mu labarin daren da suka gudu, da sunan kowace saniya da aka kora. Yara suka yi tsit. Ni kaina sai da na juya baya na share ido.

Uban ya sake zuwa bayan wata guda. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Ya tsaya yana kallon garin lakar, ya daɗe. Sa'an nan ya tsuguna ya ce wa ɗansa, "Kai, ba haka rumbunmu yake ba. Miƙo lakar in nuna maka."

Iyaye, in kun tarar da irin wannan runduna a bayan ɗaki, kada ƙafa ta riga baki. Ku tsuguna tukuna, ku tambayi mai ita sunan kowane soja da inda za shi. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, har yaranmu su koma gina masu kakaki da shanun noma. Amin.